Jirgin Batavia: Abin da Katako Ke Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa



A garin Lelystad na ƙasar Holan akwai wani jirgin ruwa na katako, irin wanda iska ke turawa, da ake biyan kuɗi a shiga kallo. Sunansa Batavia. Na ainihin an ƙera shi a Amsterdam a 1628, mallakar kamfanin VOC wanda ya mamaye cinikin kayan yaji na tsibiran Indunusiya. Wannan kuwa kwaikwayo ne, wanda maƙerin jirage Willem Vos ya jagoranci aikinsa daga 1985 zuwa 1995, da itacen oak da igiyoyin rama irin na da, matasa suna koyon sana'a a hannunsa. Aikin hannu kam, sai dai a jinjina musu.

Amma ku sauka ciki. A bayan jirgi akwai ɗakin manya, mai tagogi da tebur. Can ƙasa kuma, inda ake zuba sojojin haya, rufin bai kai ƙirjin mutum ba. Sai ka duƙa, ko ka ja gwiwa, ga duhu, ga warin kwalta. Mai ziyara minti kaɗan yake yi ya nemi tsani, su kuwa wata da watanni suke yi a nan. Kafin kamfanin ya kai ga talakan wata ƙasa, ya riga ya gama da talakan gidansu.

Mutum fiye da 300 jirgin na ainihi ya ɗauka a tafiyarsa ta farko, wadda ita ce ta ƙarshe. Ranar 4 ga Yuni 1629 ya yi karo da duwatsun ruwa a yammacin Ostireliya. Shugaban tafiyar, Francisco Pelsaert, ya tafi neman agaji a kwale-kwale. Kafin ya dawo, mataimakinsa Jeronimus Cornelisz da yaransa sun kashe sama da mutum 100 cikin waɗanda suka tsira, har da mata da yara.

Wannan labarin ya shahara, an yi littattafai a kansa. Wanda katako ba zai faɗa muku ba shi ne na inda jirgin ya nufa. Shekara bakwai kafin a ƙera shi, a 1621, gwamnan kamfanin Jan Pieterszoon Coen ya auka wa tsibiran Banda da ke can Indunusiya saboda gyaɗar ƙamshi. Aka kashe, aka kora, aka bautar da galibin mutanen wurin. Garin da aka sa wa jirgin sunansa ma, Jakarta ta yau, a kan kufan Jayakarta aka gina shi a 1619.

Ban ga laifin ƙera irin wannan jirgi ba, domin duƙawar nan ta fi shafi goma na littafi koyarwa. Sai dai ɗalibanmu na tarihi, in Allah ya kai ku can, bayan kun gama kallon sassaƙa da igwa, ku tambayi mai yi muku jagora labarin Banda.