Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Malami?



A jami'o'inmu na yau, idan za a ƙara wa malami girma, ƙidaya ake yi: maƙala nawa ya buga, mutum nawa suka ambace shi a rubutunsu. Tun 2005, da Jorge Hirsch, wani masanin kimiyya a Amurka, ya fito da lissafin da ke haɗa waɗannan abubuwa biyu a lamba ɗaya, lambar ta zama abin da kwamitoci ke fara dubawa. Tana da amfaninta. Amma aikin rainon ɗalibi ba ya shiga cikinta ko kaɗan.

Ku ɗauki marigayi Farfesa Abdullahi Smith. Ya baro Ibadan ya zo Zariya a 1962, ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a hannunsa Gidan Arewa ya tashi a Kaduna a 1970. Rubutunsa na kansa ba shi da yawa; sai bayan rasuwarsa a 1984 aka tattara maƙalunsa a littafi. In da ƙidaya ce kawai, da an ce matsakaicin malami ne. To amma a ƙarƙashinsa Murray Last ya yi binciken da ya zama littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967, wanda ya dogara da rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi da kansu. A ƙarƙashinsa Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina, shi ma ya yaye nasa ɗaliban. Smith ya koya wa mutanensa su tuhumi labarin da aka gada, har da na Bayajidda, su kuma nemi hujja a kundayen malamai da bakin dattawa. Wannan ɗabi'a ce ta yaɗu daga Zariya, kuma babu lambar da ta kama ta.

Magabatanmu sun fi mu kula da wanda ya raini ɗalibi. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Ijaza ma haka take: tana faɗin daga wa ilmin ya zo.

Saboda haka ina roƙon majalisun jami'o'inmu su ƙara tambayoyi a kan ƙidayar. Ɗaliban da malamin nan ya duba, sun gama kuwa, ko sun gaji sun watse? Waɗanda suka gama, suna bincike har yanzu? Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe: akwai wanda ya iya saɓa wa malamin da hujja, malamin ya sa hannu a kundinsa? Malamin da ɗalibansa ashirin ke maimaita ra'ayinsa kalma da kalma, yawan ambaton da yake samu bai kamata ya ruɗe mu ba. Kundayen digiri suna nan jibge a ɗakunan karatu, kowanne da sunan wanda ya duba shi a shafin farko. Daga nan ya kamata kwamiti ya fara aikinsa.