Ƙarin Da Ke Kumbura Ciki

Jawabin da wani likitan fiɗa ya yi a taron hakimai da magatakardansu



Abin da aka ce in yi muku magana a kai yau shi ne ƙarin da kan fito a cikin mutum, ya yi ta girma har mai shi ya kasa tafiya, ya kasa kwanciya rigingine. Irin wannan ba kullum a ke ganinsa ba, likita ya kan yi shekaru bai gamu da wanda ya wuce kilo 10 ba. Amma da wuya a sami hakimin da ya daɗe bisa sarauta bai taɓa jin labarin wata mace a ƙasarsa da aka ce cikinta ya kwanta shekara uku ba ta haihu ba, ko kuwa wani yaro da aka ce an yi masa sammu, cikinsa ya zama kamar tulu. Irin wannan labari ya kan iso zaurenku tun kafin ya iso asibiti, shi ya sa na ke so ku san abin da muka sani.

Abu na fari, girman ƙari ba shi ke nuna muninsa ba. Ƙari iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune wuri ɗaya cikin jakarsa, yana ture hanji da sauran kayan ciki gefe, amma ba ya cinsu. Akwai kuma na ciwon daji, wanda ke cin naman da ke kusa da shi, ya bi jini ya yaɗu. Na biyun nan sau da yawa ba ya barin mai shi ya daɗe har ya yi girman a zo a gani. Saboda haka ƙarin da ya shekara biyu ko uku yana girma a hankali a cikin mace, galibi na farkon ne, watau wanda a ke iya cirewa ta warke sarai. Mafi yawansu daga jakar ƙwan mace su ke tasowa, su cika da ruwa mai yauƙi. Waɗansu kuma tsoka ce mai tauri da ke tsirowa a jikin mahaifa, ita kuwa ta fi yawa ga matan baƙar fata.

Cire irin wannan ƙari ba sabon abu ba ne. Cikin watan Disamba na shekarar 1809 aka kira wani likita mai suna Ifraimu Makdawal, a jihar Kentaki ta Amurka, ya duba wata mata, Jen Kurofod, wadda a ke zato tagwaye ne a cikinta sun ƙi fitowa. Da ya duba ya ce babu ciki, ƙari ne, ya kuma gaya mata gaskiya cewa bai san wanda aka taɓa yi wa wannan aiki ya tashi ba. Ta yarda. Ta hau doki ta yi tafiyar mil 60 zuwa garinsa Danbil. Ran 25 ga Disamba ya tsaga cikinta, ba maganin sa barci, gama a lokacin ba a san shi ba, ya fitar da ƙari mai nauyin laba 22 da rabi, watau kamar kilo 10. Bayan kwana 25 ta koma gida, ba ta rasu ba sai 1842. Tun daga nan aikin ya yi ta ci gaba, har a shekarar 1991 likitoci a asibitin Jami'ar Sitanfod ta Amurka suka cire wa wata mata ƙarin jakar ƙwai mai kilo 137, wanda ya fi buhun masara nauyi nesa ba kusa ba, ta kuwa rayu.

Ku lura, ita wannan Jen ciki aka ɗauka gare ta. Nan ne maganar ta shafe ku ƙwarai, domin ku a ke kawo wa ƙara. Idan mai aure ce, sai a ce ciki ne ya kwanta, a zauna jiran haihuwar da ba za ta zo ba. Idan budurwa ce, ko bazawara, ko wadda mijinta ya daɗe a ci-rani, sai maganar ta koma ta zargi, a ɓata mata suna, wani lokaci har a kore ta daga gida. Wannan kuskure ko fadar Ingila bai bari ba. A shekarar 1839 cikin wata baiwar Allah mai suna Ledi Fulora Hestins, wadda ke hidima ga mahaifiyar Sarauniya Biktoriya, ya kumbura, ga shi ba ta da aure. Tsegumi ya cika fada, Sarauniya da kanta ta gaskata shi, aka tilasta mata tsayawa gaban likitoci, suka duba suka ce babu ciki. Ta rasu cikin watan Yuli na wannan shekara tana da shekara 33, da aka buɗe gawarta bisa wasiyyarta sai aka tarar babban ƙari ne a hanta. A ganina, duk hakimin da aka kawo wa irin wannan magana, kada ya saurari shaidar kowa sai an gwada fitsarin matar a asibiti. Gwajin ba ya cin minti goma, kuma ko ƙaramin asibitin ƙauye yana iya yinsa.

To, yaya likita ke gane abin da ke ciki? Da farko tambaya zai yi: yaushe kumburin ya fara, daga wane gefe ya taso, tana ganin al'ada ko ta ɗauke, ta rame ko ba ta rame ba. Sa'an nan ya kwantar da ita ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, kamar yadda a ke ƙwanƙwasa tulu a ji ko da ruwa. Ruwan da ciwon hanta ko na zuciya kan tara a ciki yana bin kwanciya, in an juya mutum sai ya gangara ƙasa. Ƙari kuwa yana nan inda ya ke. Amma hannu ya kan ruɗi likita, har gwani. Wani likitan mata a birnin Gilasgo, Iyan Donal, ya lura da na'urar da maƙeran tukwanen jirgi ke amfani da ita don gano tsaga a cikin ƙarfe, wadda ke aika sauti ta saurari amsa-kuwwarsa, sai ya gwada ta a jikin mutum. Cikin waɗanda ya fara dubawa akwai wata mata da aka riga aka yanke mata ƙauna, an ce ciwon daji ne ya tara mata ruwa. Na'urar ta nuna jaka ce guda, aka cire, ta warke. Ya buga sakamakon aikinsa a 1958. Ita ce na'urar da yanzu mata ke kira sikanin, kuma ita ce ke raba gardama tsakanin ciki da ƙari nan take. In ƙarin ya yi girman da ba ta iya nuna tushensa, sai a tura mutum babban asibiti a ɗauki hoton kwamfuta, wanda ke nuna cikin yanki-yanki, a ga ko ya manne wa hanji ko babbar jijiyar jini.

Ina roƙonku ku hana sakiya da tsaga a kan irin wannan kumburi. Wanzami yana da aikinsa, amma wannan ba nasa ba ne. In aka huda jakar, ruwan zai malala cikin ciki, ruɓa ta shiga, in kuwa akwai ƙwayar ciwon daji a ruwan, an shuka ta ko'ina ke nan. Mu kanmu ba mu cika son huda ta ba, mun fi so mu fitar da ita ɗungum.

Aikin kansa yana da hatsari, ba zan ɓoye muku ba. Ƙarin da ya daɗe yana danne huhu da jijiyoyi, in aka ɗauke shi farat ɗaya sai jini ya ruga ya cika wurin, bugun jinin majiyyaci ya faɗi. Don haka a ke ɗaga shi sannu-sannu, mai ba da maganin barci yana tsaye yana lura. Lalle kuma a tanadi jini tun kafin a sa wuƙa. Abin da ya fi jinkirta aikin a wurinmu biyu ne: rashin masu ba da jini, da mijin da ya ƙi sa hannu don tsoron matarsa ba za ta ƙara haihuwa ba. Ku gaya wa irin wannan miji jakar ƙwai biyu ce, in an cire ɗaya, ɗayar ta isa haihuwa. Ƙarin mahaifa ma sau da yawa a kan ɓare shi a bar mahaifar, ko da ya ke in ya cinye wurin ba makawa sai an cire duka. Duk abin da aka fitar kuwa sai an yanki kaɗan an duba da madubin likita, a nan ne a ke tabbatar da ko wane iri ne, a san ko akwai sauran magani a gaba.

Maganar yara dabam ta ke, a nan gaggawa a ke so. Akwai wani ciwon daji da likita Denis Barkit ya bayyana a Kampala ta ƙasar Yuganda a 1958, wanda ke kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har da tamu. Ya kan fito a muƙamuƙi ko a ciki, kuma yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ba a fiɗa shi. Tun shekarun 1960 likitoci a Kampala da Nairobi da Ibadan suka gano allurai na narkar da shi, wani lokaci cikin 'yan kwanaki a ga kumburin ya saɓe. Sai dai iyaye da yawa da sun ga haka sai su ɗauke yaro su tafi gida ba a gama alluran ba, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Akwai kuma ƙarin ƙoda, wanda ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, uwa ta kan ji shi da hannu a gefe ɗaya sa'ad da ta ke yi wa yaro wanka. Kada a yi ta matsa shi. Ba kuma kowane babban ciki ga yaro ne ƙari ba, saifa ma ta kan kumbura saboda yawan zazzaɓi, amma likita ne zai bambanta.

Wanda ba mu da labari mai daɗi a kansa shi ne ciwon dajin hanta ga manya maza, domin kafin ya fito fili ya riga ya yi nisa. Makaminsa rigakafin ciwon hanta ne, wanda aka shigar cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004.

Ku kuwa malamai, ga naku aikin. In dagaci ko mai unguwa ya kawo labarin mai irin wannan kumburi, ku rubuta takarda zuwa babban asibiti mafi kusa, ku faɗi shekarun majiyyaci, da watan da abin ya fara, da magungunan da aka sha, da ko an taɓa yin sakiya, kada a ɓoye. Daga can in ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato, ko Maiduguri, ko Jos. A haɗa shi da 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya waɗanda za su ba da jini, da wanda ke da ikon sa hannu. In kuwa mai tsohon kumburi ta tashi da matsanancin ciwon ciki da amai farat ɗaya, wataƙila jakar ce ta murɗe ko ta fashe. Wannan kada a jira takarda, a nemi mota a daren.