Jawabin Akawun Jam'iyya Ga Iyayenmu Mata Da 'Yan Kasuwa Kan Sankarar Bakin Mahaifa

Iyayenmu mata, 'yan'uwanmu talakawa, yau ba maganar ƙuri'a ta tara mu ba, maganar rai ce.

Akwai wata cuta da ake kira sankarar bakin mahaifa. In an ɗebe ta nono, babu sankarar da ta fi ta kama matan Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 ta kama mata wajen 12,000 a ƙasar nan, wajen 8,000 kuwa suka rasu.

Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta wajen kwanciya, har matar da ba ta san kowa ba sai mijinta. Takan yi shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye, mace na saye da sayarwarta ba ta jin kome. Sa'ad da jini ya fara zuwa ba lokacin haila ba, ko bayan haila ta ɗauke, ko ruwa mai wari, sau da yawa cuta ta yi nisa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwajin ba wuya. Ma'aikaciyar asibiti takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, in wuri ya yi fari a san akwai abin dubawa, a yi maganinsa tun bai zama sankara ba. Hukumar nan ta ce kowace mace ta yi gwaji kafin ta kai shekara 35, ta sake kafin 45. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuwa, tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi musu allurar rigakafi kyauta.

To, me ke hana matanmu zuwa? Kunya, da jiran izinin maigida, da kuɗin mota, da tsoron rufe rumfa. Maza, da ku muke: wanda ya hana matarsa wuni guda, yana iya kwana jinya wata shida. Iyayenmu, ku tafi biyu-biyu, maƙwabciya ta tsare rumfa, gobe ku tsare tata.

Masu mulki kuwa, matansu jirgi ke kai su waje ganin likita. Mu talakawa muna neman abu biyu: a kai gwajin nan kowane ƙaramin asibiti, kauye da birni, ba da kuɗi ba, kuma a sa mata su riƙa duba mata. Wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi wannan tukuna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.