Motoci Masu Tuƙa Kansu da Matsalar Cunkoson Hanya



Da yawanmu mun sha wahalar hanya kafin mu iso gida wannan taro. Sau nawa muka tsaya cik a kan babban titi, da muka wuce kuma ba mu tarar da haɗari ko shinge ba? To, me ya tsayar da mu?

Masana a ƙasar Japan sun amsa wannan tambaya a shekarar 2008. Sun jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya yi tafiya daidai wa daida. Ba a daɗe ba cunkoso ya haifi kansa. Direba ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na uku ya fi su duka, har ayarin ya tsaya.

Daga baya aka maimaita gwajin a jihar Arizona ta Amurka, amma aka saka mota guda wadda kwamfuta ke sarrafa gudunta. Ita ba ta ɗokin cike gurbin da ke gabanta, ba ta kuma taka birki a firgice. Sai ga shi ita kaɗai ta daidaita tafiyar sauran, man da suke sha ma ya ragu. A shekarar 2022 an gwada motoci 100 irin wannan a babbar hanyar birnin Nashville.

Sai dai kada mu yi saurin murna. Tun shekarar 2020 kamfanin Waymo ke ɗaukar fasinja ba direba a birnin Phoenix. Irin wannan mota idan ta sauke mutum, takan tafi wayam neman wani, kuma motar da ba kowa ciki ma tana cin wuri. In tafiya ta yi sauƙi matafiya za su ƙaru, alhali titi bai ƙara faɗi ba, lokacin da aka samu sai ya salwanta.

'Yan'uwa, abin da na'urar nan ta fi mu da shi haƙuri ne da barin tazara, kuma waɗannan ba sai an sayo su daga waje ba. Magabata sun ce sauri ya haifi nawa. Mu tuna da haka ranar komawa.

Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.