Kada A Tura Kurtu Cikin Wuta Bai Sami Horo Ba

'Yan'uwa talakawa, masu shago da masu tebur da masu talla, mun gode da kuka bar sana'arku kuka zo sauraron wannan lacca. Maganarmu ta yau a kan 'yan kwana-kwana ce, watau ma'aikatan kashe gobara, musamman sababbin da aka ɗauka, da horon da ya wajaba su samu kafin su hau mota ran da aka yi kira.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da horon kurtu? To, ku tuna. A 2010 wuta ta kama Kantin Kwari. A watan Maris na 2016 ta cinye shaguna dubbai a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2021 ta kama babbar kasuwar Sakkwato, bayan wata biyu ta kama ta Katsina. A Fabrairun 2023 ta ci Kasuwar Monday ta Maiduguri. Dukiyar wa ta ƙone? Tamu ce. Kuma yaron da ake ba mesa a ce ya shiga, ɗan wa ne? Ba ɗan masu hali ba ne, ɗanmu ne. Saboda haka maganar ta shafe mu ta fuska biyu, dukiya da rai.

Abu na farko da za a koya wa kurtu shi ne halin wuta. Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: zafi, da abin da za ta ci, da iska. In an raba ta da ɗaya, ta mutu. Amma ba kowace wuta ake kashewa da ruwa ba. In fetur ne, ruwa ɗauke shi zai yi ya kai shi shagon maƙwabci yana ci, zama fetur a kan ruwa yake tasowa. In wutar lantarki ce ba a yanke ba, ruwan zai jawo ta zuwa hannun mai riƙe da mesa. Waɗannan suna da nasu magani, kumfa da hoda. Kana lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi takan kumbura kamar sau 1,700, don haka wanda ya fesa ruwa ba lissafi a ɗaki rufaffe zai dafa kansa da abokansa.

Na biyu, hayaƙi. Ku sani, a gobara hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Katifa da roba da yadin leda da muke sayarwa, in sun kama, guba suke fitarwa mai kā da mutum tun bai ga wutar ba. Tilas kurtu ya iya goya tukunyar iska, ya iya ɗaura abin rufe fuska cikin duhu, ya san kuma iskar ba ta wuce kamar rabin sa'a ga mai aiki tuƙuru. Wanda bai saba duba ma'auninta ba, a tsakar hayaƙi za ta ƙare masa.

Na uku, ƙofa. Shagon da ke rufe, wuta takan cinye iskar cikinsa ta lafa kamar ta mutu. Da an ɓalle ƙofa iska ta shiga, sai ta tashi gaba ɗaya ta bugi wanda ke tsaye a bakin. Wanda ya sami horo yakan karanta launin hayaƙi da zafin ƙofa kafin ya taɓa kwaɗo.

Na huɗu, ba a shiga a kaɗaice. A Amurka tun 1998 ƙa'ida ce: mutum biyu su shiga tare, biyu kuma su tsaya a waje da shirin ceto su. Duk da haka, a 2007 a garin Calston, wuta ta kama wani kantin kujeru ta kashe 'yan kwana-kwana 9, bincike kuwa ya nuna ƙarancin horo da rashin tsarin ba da umarni suna cikin dalilan. In haka ta sami waɗanda suka daɗe a aiki, ina ga yaron da aka ɗauka jiya?

Ban da wannan akwai kafa tsani, da shimfiɗa mesa, da sarrafa famfon mota, da taimakon farko ga wanda ya ƙone ko ya suma. Akwai kuma ceto daga rijiya da kududdufi, gama a ƙasarmu wannan ma aikinsu ne, kuma iskar ƙasan rijiya ta sha kashe wanda ya shiga ceton wani.

Ba wai babu doka ko makaranta ba. Tun 1963 aka yi dokar hukumar kashe gobara ta tarayya, akwai makarantar horo a Sheda kusa da Abuja, jihohi kuma suna da nasu ma'aikata. Abin da muke nema a wurin masu mulki guda huɗu ne. A ɗauki kurtu bisa lafiyar jiki da cancanta, ba bisa takardar wani babba ba. Kada ya amsa kira sai ya gama horo, an jarraba shi a gaban wuta ta gaske ya ci. In ya fara fita, ya zama ƙarƙashin tsohon hannu, aikinsa daga waje tukuna. A ba shi riga da hula da takalmi da tukunyar iska, a kuma tanadi ruwa a cikin kasuwa. Kuɗin haraji da na rumfa da muke biya, ai don irin wannan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma da namu laifi, kada mu ɓoye. Mukan kafa tebur a hanyar da mota za ta bi. Mukan kwana da jarkar fetur kusa da janareta, mu ja waya barkatai, mu bar garwashi da hunturu. In kuma 'yan kwana-kwana sun iso, waɗansu su yi ta ihu a shiga, a shiga, har da jifa. In kun ga sun tsaya suna neman a yanke lantarki, ba tsoro ba ne, sani ne. Ku buɗe musu hanya, ku gaya musu abin da ke cikin shagunan, ku kori ɓarayi.

Muna roƙon shugabannin kowane layi su kai wannan magana ga ƙungiyar kasuwarsu, a rubuta takarda zuwa ga wakilanmu na majalisa kafin hunturu ya kama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya tsare 'ya'yanmu da ke wannan aiki.