Me Ya Sa Muke Yi Wa Bos Tafi? Dodo da Mugu a Labaranmu na Jiya da na Yau

Laccar da aka gabatar a taron matasa, iyaye da malamai a Anguwan Rukuba, Jos



Maganar da aka ɗora mini abu ce da kowa a nan ya taɓa gani da idonsa. A leƙa kowane gidan kallo a garin nan ranar da babu ƙwallo, an sa fim. Jarumi zai fito, yara su yi tsit suna kallo. Amma da zarar bos ya sako ƙafa daga mota, baƙin gilashi a ido, yaransa na take masa baya, sai ɗakin ya kaure da sowa. Wani ya miƙe yana kwaikwayon takunsa, wani ya riga shi faɗin maganar da zai yi, don ya riga ya haddace ta. Kafin mako ya zagayo sunan bos ɗin ya zama laƙabin wani yaro a layi, ko ka gan shi rubuce a bayan Keke Napep. Me ya sa mugu ke shiga ranmu haka? A ina kuma wannan sha'awa take tashi daga nishaɗi ta zama cuta?

Jos ta cancanci ta yi wannan tambaya, domin gari ne da ake ƙera labari a cikinsa. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyon aikin fim. A nan Kwalejin Talabijin ta NTA take. Garin nan ya ba fim ɗin Hausa mutane irin su Sani Mu'azu da marigayi Ahmed S. Nuhu da Nafisa Abdullahi, kuma Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban waccan hukuma a 2024, a Jami'ar Jos ya yi karatu. Cikin waɗanda ke zaune a nan yau akwai masu rubuta fim ɗin gobe.

Abin ba yau ya fara ba

Kada mu ɗora wa waya laifin komai. Tun kafin a san lantarki, kakanninmu suna zaunar da mu da dare su ba mu labarin Dodo, muna ƙanƙame juna don tsoro, amma ba mu yarda a tsaya. Gizo maƙaryaci ne, mayaudari, mai haɗama, duk da haka shi ne ɗan lelen tatsuniya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, abin da ke riƙe mai karatu shi ne sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna. A fagen waƙa kuwa, Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri da mafarauta, Muhammadu Gambu Fagada na ƙasar Kebbi ya shahara da waƙar ɓarayi, har ya zama ba a kiran sunansa sai an haɗa da ita. Mutanen da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba sun sayi kaset ɗinsa sun saurara.

Da sinima ta zo, irin su Kwararafa a nan Jos, sai fim ɗin Indiya ya kawo mana nasa mugayen. Dattawanmu ba su manta da Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975 ba, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, haka ma Mogambo na Amrish Puri a Mr. India na 1987. Masu kallo Hausawa suka raɗa wa Sanjay Dutt suna Ɗan Daba Mai Lasin, kuma da ƙauna suka raɗa shi. A namu fim ɗin, Shu'aibu Lawan Kumurci ya yi suna ne da fitowa a mugu, kuma duk inda ya sauka jama'a kan yi masa caa.

Me ke jan zuciya?

Abu na farko shi ne ƙarfi. Yaron da ya gama sakandare shekara huɗu babu aiki, wanda kullum ana ce masa ya yi haƙuri, ya ga mutumin da ba ya bin layi, ba ya roƙon kowa, in ya yi magana jiki na rawa ake cikawa. Na awa biyu sai ya ari wannan rigar ya yafa. Wanda aka daɗe ana takawa yana jin daɗin ganin wanda ba a isa a taka ba.

Na biyu shi ne ramuwa. Marubutan zamani sun gane cewa in aka nuna yadda aka zalunci mugu tun yana ƙarami, mai kallo zai yafe masa rabin laifinsa. Fim ɗin Joker na 2019, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1, a kan haka aka gina shi: talaka mai taɓin hankali da gari ya wulaƙanta, ya juyo ya huce a kan garin. A ƙasar da mutane ke ganin wanda ya saci akuya yana kurkuku, wanda ya wawure baitulmali ana ba shi sarauta, irin wannan labari ba ya buƙatar tafinta.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar 'yan matanmu, wato fatar cewa so zai iya horar da mugu. Ku tambayi ƙannenku me suke karantawa a waya bayan an kashe fitila. Da yawa daga littattafan soyayya da ke yawo a WhatsApp da Wattpad tauraronsu ɗaya ne: miskili, ɗan masu kuɗi, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. An aura masa yarinya talaka. Ya yi mata tsawa, ya mare ta, ya kulle ta a ɗaki, wani lokaci ma ya yi mata fyaɗe. Ita kuwa tana ta haƙuri, tana dafa masa abinci yana ture kwanon. Can wajen babi na sittin sai ya kwanta ciwo, ta yi jinyarsa, ya zubar da hawaye, ya saya mata mota. Yarinya 'yar shekara 16 ta kashe waya tana murmushi, ta kwanta da darasin cewa wanda ya fi cutar da ke shi zai fi son ki, in kin iya jira.

Inda aka sauya

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ukun da ya sa mai kallo ya zama mutumin banza. Zuciyar ɗan Adam ce haka. Kuma labarin da babu mugu a cikinsa ba ya koyar da komai, don ba a gane amfanin gaskiya sai an ga abin da ƙarya ke haifarwa. Abin da ya sauya shi ne inda ake tsayar da labarin, da kuma fuskar wanda ake haskawa.

Ku tuna tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Ta kori samarin garinsu kaf, wannan yana da tabon kaifin lauje, wancan na gyambo. Sai Dodo, a wata ruwayar maciji, ya rikiɗa ya zo mata a saurayi sumul, babu ko ƙwarzane. Tatsuniyar ba ta ɓoye kyansa ba, ta bar mu mun yaba shi tare da ita. Amma ba ta tsaya ranar biki ba. Ta bi amarya har cikin dokar daji, inda ango ya koma kamanninsa, ta nuna mana kukanta, da yadda ta sha da ƙyar. Kakarmu ta san Dodo yana da farin jini, shi ya sa ba ta taɓa sallamarmu kafin ƙarshe ba.

Sholay ma haka ya yi. Ya ba Gabbar murya da kwarjini, amma ya ajiye mana Thakur da aka sare wa hannuwa biyu, da surukarsa cikin fararen kayan takaba, suna gilmawa a gabanmu har fim ya ƙare. A Darr na 1993, Shah Rukh Khan ya fito a saurayin da ya addabi yarinyar da ba ta son sa. Masu kallo sun so shi, amma fim ɗin ya nuna firgicin yarinyar, shi kuma ya mutu a ƙarshe. Ku kwatanta da Kabir Singh na 2019: saurayi mashayi, mai zafin hannu, ya mari budurwarsa, kuma labari ya ƙare da an ba shi ita. A wajen Turawa ma tafiyar ɗaya ce. A littafin Dracula na 1897 farautar mai shan jini aka yi har aka kashe shi. A jerin Twilight da ya fara fitowa a 2005, yarinyar ta auri mai shan jinin, ta kuma zama irinsa. Da can ana nuna farin jinin mugu sannan a kawo lissafin ɓarnarsa. Yanzu sau da yawa ana yanke lissafin, a bar farin jinin kawai, saboda shi ke kawo masu kallo, masu kallo kuma su ke kawo kuɗi.

Waya ta ƙara tsananta abin. Fim ɗin awa uku ana yanko daƙiƙa talatin a cikinsa, daidai inda bos ke taƙama, a ɗora kiɗa a watsa a TikTok. Yaro zai ga shigowar bos sau ɗari bai ga faɗuwarsa ko sau ɗaya ba.

Daga allo zuwa titi

Da abin ya tsaya a fim, da da sauƙi. A ƙarshen 2021 wata waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji ta bazu a wayoyin jama'a, a daidai lokacin da mutanen Sabon Birni da Isa da Shinkafi ke binne 'yan'uwansu. Daga baya mun ga 'yan bindiga suna fitowa a TikTok suna baje bandir-bandir na kuɗi, wasu masu kallo kuma suna tura musu lambar asusu suna neman a sammusu. Kuɗin nan na fansa ne. Wani ya sayar da gonarsa da shanunsa kafin ya haɗa su. Gambu kansa, da girma ya zo masa, ya shelanta tubansa ya bar waƙar ɓarayi. Wanda ya fi kowa sanin gidan ya fita, bai kamata jikokinsa su riƙa rububin shiga ba.

A nan gida muna da sara-suka, kamar yadda Kano ke da 'yan daba, Gombe ke da Kalare. Ku lura da laƙabin da yaran nan ke ɗauka, da salon tafiyarsu, da hotunan da suke sakawa. Sun ga yadda ake girmama wanda ake tsoro, sun kuma ga cewa wasu 'yan mata sun fi sauraren wanda sunansa ke sa a rufe shago.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Mu a Jos mun ga rikicin Satumbar 2001, mun ga na Nuwambar 2008, mun ga na Janairun 2010. Unguwanni sun rabu, maƙwabta sun yi ƙaura. Bayan kowane rikici, kowane ɓangare yana da wanda yake kira gwarzo a ɓoye, alhali a tsallaken titi sunansa ake tsorata yara da shi. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wace uwa ce aka bari ka ji kukanta. Duk lokacin da muka ba yaranmu labarin waɗancan kwanaki muka cire gawar ɗaya ɓangaren, mun yi irin aikin mai yanko daƙiƙa talatin, kuma namu ya fi nasa haɗari.

Abin da nake roƙo

Ba na kiran a hana fim ko a ƙwace waya. Abin da aka hana a falo za a kalle shi a ƙarƙashin bargo.

Marubuta da ɗaliban fim, ku ƙera mugu mai rai, ku ba shi dalili, ku ba shi kwarjini, don mugu na kwali ba ya tsorata kowa. Amma ku ba wanda ya cuta suna da fuska da lokaci daidai da nasa. Ku kuma daina rubuta mutumin kirki a matsayin sakarai mai sanyin jiki. Garin nan cike yake da mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu na wani addini a ɗakunansu ranar da gari ke ci da wuta. Ku je ku nemo su. Jarumtakarsu ta fi ta kowane bos, kuma har yau ba a ba ta haƙƙinta a allo ba.

Iyaye da malamai, ku zauna ku kalla tare da yara, in an gama ku tambaye su: wa ya yi asara a labarin nan? Ina matar wanda aka harbe ta tafi? Yaron da ya saba yin wannan tambaya ba a saurin ruɗarsa.

'Yan mata ƙannena, hali zanen dutse ne. Saurayin da ya ɗaga miki hannu tun ana zance, aure ba zai sauke masa shi ba. A littafi marubuciya ce ke shiryar da miskili da alƙalaminta, a gidan aure kuwa babu mai riƙe da alƙalamin. Ki faɗa wa iyayenki tun da wuri.

Samari 'yan'uwana, tsoro daban, girma daban. Wanda ake tsoro, ranar da ya faɗi ajiyar zuciya ake yi. Ku nemi sunan da mahaifiyarku za ta ji an kira a kasuwar Terminus ta ɗaga kai.

Allah ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya, ya shirya mana zuriya.