Dokar Hana Zaluntar Dabbobi da Wuraren da Ta Yi Togaciya

Jama'a, wannan jawabi ya shafi mahauta da fataken shanu da dillalai, musamman mazauna jihohin Kudu da ke aiki da kundin dokokin laifuffuka wanda aka kafa a shekarar 1916. Sashe na 495 na wannan kundi ya haramta zaluntar dabba, watau yi mata dukan mugunta, ko shurinta, ko ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, ko haɗa ta faɗa da wata. Hukuncin wannan laifi ɗaurin wata shida ne, ko tara, ko duka biyu.

To, amma dokar ta yi togaciya a wuri biyu, a nan ne kuwa mutane da yawa suke yin kuskure.

Na farko shi ne yankan dabba domin abinci. Mahaucin da ya ɗaure sa, ya kayar da shi, ya yanka, bai yi laifi ba, gama ba a samun nama sai da haka. Sai dai akwai sharaɗi: kada a haɗa wa dabbar wahalar da babu dalilinta. Saboda haka wanda ya karya wa sa wutsiya don ya miƙe, ko ya datse masa agara don kada ya gudu, ko ya sa masa dasasshiyar wuƙa, ya fita daga inuwar wannan togaciya, ko da yanka aka nufa da san.

Na biyu shi ne farautar dabbar da ke tsare a hannu, wadda aka saka domin a bi ta. Sashen bai hana wannan ba, muddin ba a sake ta da rauni, ko da nakasa, ko a galabaice ba. Kafin a sake ta kuwa, da bayan ta koma hannu, doka tana kāre ta kamar kowace dabba.

Wajibi ne kuma masu dabbobi su lura. Idan yaran mutum suka zalunci dabbarsa saboda sakacinsa wajen sa ido, doka tana ɗaukarsa kamar wanda ya yarda da zaluncin, har ma kotu tana da ikon raba shi da dabbar.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba ya zama hujja a gaban alƙali. Ana roƙon sarakunan pawa da shugabannin kara su isar da wannan bayani ga jama'arsu.